Bos ya fi jarumi farin jini: musun da ba ya ƙarewa kan mugayen The Wire

Wata matashiya ce ta shigo kantin kayan gini, sanye da kaya irin na maza, riƙe da na'urar buga ƙusa wadda batirinta ya ƙi riƙe caji. Mai jiran kantin, wani Bature mai fara'a, ya ɗauka 'yar kwangila ce, sai ya shiga tallata mata wata sabuwa mai aiki da albarushi. Jin an ambaci albarushi ke da wuya sai ta saki jiki, ta koma ba shi labarin irin ɓarnar da ƙaramin harsashi ke yi idan ya shiga jikin mutum. Fara'ar Baturen ta fara raguwa. Ta ƙirgo dala 800 ta danƙa masa, ta ce ya riƙe canjin, ta yi gaba abinta.

Da wannan aka buɗe zango na huɗu na The Wire a 2006. Sai can gaba mai kallo zai gane amfanin ƙusoshin: da su ake toshe ƙofofin kangayen birnin Baltimore bayan an jibge gawarwaki a ciki. Yarinyar kuwa ita ce Snoop, wadda marubucin littattafan ban tsoro Stephen King ya sa a sahun gaba na mugayen matan da aka taɓa nunawa a talabijin.

Tashar HBO ta Amurka ta nuna shirin daga 2002 zuwa 2008, zango biyar, kashi 60. A lokacin bai samu kasuwa ba. Masu kallonsa ba su taka kara sun karya ba idan aka gwada da The Sopranos na tashar, a zangon ƙarshe ma sukan gaza miliyan ɗaya a daren nuni. Bai ci kyautar Emmy ko ɗaya ba, kuma ba a taɓa sa sunan ɗan wasansa ko guda cikin masu takara ba. Faifan DVD, daga baya kuma intanet, su suka tashe shi. A 2021 BBC ta tambayi masu sharhi sama da 200 daga ƙasashe fiye da 40, suka zaɓe shi a matsayin shirin talabijin mafi inganci na wannan ƙarni.

Sai dai duk inda masoyansa suka haɗu, da wuya ka ji ana cacar baki a kan 'yan sandan. Hirar ba ta wuce mutum uku: Omar, Stringer da Marlo.

Ɗan jarida da ɗan sanda

Mutum biyu suka haifi shirin. David Simon ya shafe shekaru fiye da goma yana ɗauko wa jaridar Baltimore Sun rahotannin laifuka. Ed Burns kuwa ya yi kusan shekara 20 yana aikin ɗan sanda, ciki har da sashen binciken kisan kai, kafin ya koma koyarwa a makarantar gwamnati. Garin da suka rubuta a kai, a lokacin, yana da mutum dubu ɗari shida da 'yan kai, amma a waɗancan shekarun akan kashe tsakanin 250 da 300 duk shekara, galibi a rikicin ƙwaya.

Labarin ya faro ne da wata 'yar tawagar 'yan sanda da aka jefa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tana satar sauraron wayoyin gungun Avon Barksdale. Daga nan kowane zango ya leƙa wani sashe na gari: tashar jiragen ruwa, ofishin magajin gari, makarantu, sai gidan jarida. Simon ya sha faɗa cewa ba labarin nagari da mugu ya zo bayarwa ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda hukuma, ta gwamnati ce ko ta 'yan ƙwaya, ke murƙushe wanda ke cikinta.

Nufin marubuci ke nan. Masu kallo kuma da nasu.

Omar, ɓarawon da shugaban ƙasa ya zaɓa

Omar Little ɗan fashi ne, amma dillalan ƙwaya kaɗai yake yi wa. Yana tafe da doguwar kwat da bindiga mai baki biyu, yana fito, yara na gudu suna shelar isowarsa. Ba ya ashar. Ba ya ɗora bindiga a kan wanda ba ya cikin harkar. Yakan raka kakarsa coci ranar Lahadi. Marubutan kuma suka yi shi mai neman maza, ba a ɓoye ba, a unguwar da hakan ke jawo raini, lamarin da ya raba kan masu kallo tun farko.

Kashi bakwai kacal aka tsara masa tun asali. Michael K. Williams, wanda ya fito a shi, ne ya sa aka kasa rabuwa da shi. Tsohon ɗan rawa ne daga Brooklyn, kuma tabon da ya tsaga fuskarsa daga goshi zuwa kunci ba kwalliyar fim ba ce, reza aka sa masa a wani faɗa daren da ya cika shekara 25. Masu yabonsa kan kafa hujja da zaman kotu na zango na biyu, inda lauyan 'yan ƙwaya Maurice Levy ya kira shi mai cin jinin al'umma, shi kuma ya mayar masa cikin sanyin murya cewa sana'arsu ɗaya, kayan aiki ne ya bambanta, wani bindiga wani jakar takardu. Williams bai ɗaga murya ba, bai zare ido ba. Ya dai gyara zama kamar wanda ya zo kallon wasa.

A 2008, yana tsakiyar neman takara, Barack Obama ya ce Omar ne gwaninsa a shirin, ya yi sauri ya ƙara da cewa ba halinsa yake goyon baya ba. A 2012 mujallar intanet ta Grantland ta jera mutanen shirin 32 aka yi ta kaɗa ƙuri'a bibbiyu, Omar ya lashe. Simon bai ji daɗi ba, ya kuma faɗa a jarida: an bar maganar talauci da yaƙi da ƙwaya, an koma gardamar wa ya fi wa burgewa.

Akwai masu kallon da ke bayan Simon a nan. A ganinsu Omar ne kaɗai mutumin tatsuniya a shirin da ke taƙama da gaskiya. Sukan kawo misalin tsallen da ya yi daga bene a zango na biyar ya tsira da karayar ƙafa. Abin dariyar shi ne wannan tsalle ya faru. Donnie Andrews, ɗaya daga cikin 'yan fashin Baltimore da aka gina Omar a kansu, ya taɓa dirowa daga hawa na shida, marubutan ma rage tsawon suka yi don kada a ƙaryata su.

Su ma marubutan sun hango inda son Omar zai kai. A zango na uku ɗan sanda Bunk Moreland ya iske yara suna wasan harbe-harbe a inda aka yi kisa, suna rigimar wa zai zama Omar. Ya nemo shi ya wanke shi tas, kuma da yawa na ganin Wendell Pierce, wanda ya fito a Bunk, bai yi wasan da ya kai na wannan zama a kan benci ba. Da ajalin Omar ya zo, ba wani gwabzawa aka yi ba. Yana sayen sigari a kanti wani ƙaramin yaro, Kenard, ya harbe shi a ka. Jaridar garin ko layi ɗaya ba ta ba shi ba, don babu fili. Masu kallo da dama suna jin haushi har yau, suna cewa an wulaƙanta gwarzonsu. Da gangan aka yi.

Stringer: kwat, tabarau da jini

Idan Omar ya samu zukata, Stringer Bell ya samu masu kare shi. Shi ne na biyu a gungun Barksdale, mai zuwa ajin tattalin arziki a kwaleji, mai gudanar da taron dillalai a gidan shirya gawa bisa ƙa'idar majalisa, sai an ɗaga hannu kafin a yi magana. Burinsa ya wanke kuɗin ƙwaya ya koma harkar gine-gine. Magoya bayansa na cewa shi kaɗai ne ya gane cewa gawa ce ke jawo 'yan sanda, ciniki kuwa ba ya son hayaniya.

Masu adawa da shi ba sa doguwar magana, sunaye biyu suke kira. Wallace, yaro ɗan shekara 16 da ke ciyar da ƙananan yaran unguwa, wanda Stringer ya sa abokansa biyu suka harbe. Da D'Angelo, ɗan 'yar'uwar Avon, wanda ya sa aka shaƙe a gidan yari aka mayar da abin kamar rataye kansa ya yi, alhali shi Stringer yana tare da uwar ɗan D'Angelo a waje. Wanda ya fito a Wallace, Michael B. Jordan, bai wuce shekara 15 ba a lokacin. Yau yana cikin manyan jaruman Hollywood, amma akwai waɗanda har gobe da kukan ƙarshe na Wallace suke tuna shi.

To me ya sa ake yafe wa Stringer? Amsar ita ce Idris Elba, wanda ya fito a shi. Haifaffen gabashin Landan ne, mahaifinsa ɗan Saliyo, mahaifiyarsa 'yar Ghana. Ya ɓoye harshensa na Ingila a wajen gwaji, kuma Amurkawa da yawa sai bayan shekaru suka san ba nasu ba ne. Ya ba Stringer tsayi da nutsuwa da kallon ƙasan tabarau, har mai kallo ya manta cewa mutumin nan ba shi da wayon da yake zato. Sanatan jiha Clay Davis ya damfare shi dala dubu 250 da sunan zai buɗe masa ƙofofin gwamnati, lauyan Stringer ya yi masa dariya. Elba da bakinsa ya nuna damuwa kan yadda ake ɗaukaka Stringer, yana tambayar me ake yabo a jikin mai sayar da guba.

A nan za a iya cewa gwanintar ɗan wasa ta yi wa rubutu illa. An rubuta mutum mai son kai wanda ya sayar da amininsa, Elba ya mayar da shi abin sha'awa. Wood Harris, wanda ya fito a Avon, bai samu rabin wannan yabo ba, alhali hirarsu ta ƙarshe a saman bene, kowa ya riga ya ci amanar ɗan'uwansa suna tuna ƙuruciya, ta mutum biyu ce. Masu sake kallon shirin karo na biyu su suka fi komawa ɓangaren Avon.

Marlo, wanda ba a so

Kan Marlo Stanfield ne musun ya koma na sana'ar wasa zalla. Wani ɓangare na cewa Jamie Hector, wanda ya fito a shi, bai iya ba: fuska ɗaya, murya ɗaya, ba dariya ba fushi, kamar an dasa icce. Bayan Avon da Stringer masu zafi da barkwanci, sai suka ji an kawo musu bos marar gishiri.

Ɗaya ɓangaren na cewa rashin gishirin shi ne wasan. Marlo ba shi da dangi da ake nunawa, ba shi da amini, ba ya shagali, tantabaru kawai yake kiwo. Ya saci alawa a gaban mai gadin kanti don ya gwada shi, mai gadin ya bi shi waje ya roƙi a mutunta shi, kwana kaɗan aka kashe shi. Hector ya riƙe wannan sanyi zango uku, sannan ya fashe sau ɗaya tak, a ɗakin tsare masu laifi, da ya ji Omar ya yi ta zagin sunansa a titi yaransa suka ɓoye masa. Ba don an daɗe ana jiran ta ba, da tsawar ba ta girgiza kowa ba.

Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi. Cikin mugayen uku, Marlo kaɗai ne mai kallo ba ya sha'awar zama shi, kuma abin da Simon da Burns suke nema ke nan tun farko. Wanda bai so wasan Hector ba, sau da yawa abin da bai so ba shi ne an hana shi jin daɗin mugunta.

Na hannun damansa, Chris Partlow, Gbenga Akinnagbe ne ya fito a shi, ɗan iyayen da suka je Amurka daga Najeriya. Shi ke rarrashin wanda zai kashe, yana ce masa ba zai ji zafi ba. Sau ɗaya ya ajiye bindiga ya kashe mutum da duka, wani da ake zargi da lalata da yaro, kuma ba a faɗi dalilin wannan hauka da baki ba, an bar wa fuskarsa.

Wasa ne ko rayuwa?

Ita Snoop wata gardamar ta tayar. Felicia Pearson, wadda ta fito a ita, a lokacin ba 'yar wasa ba ce. A Baltimore aka haife ta, a hannun riƙo ta tashi, tana 'yar shekara 14 ta harbe wata yarinya, aka ɗaure ta shekaru. Williams ne ya gan ta a wani gidan rawa ya kai ta wurin masu shirin, aka bar mata sunanta da laƙabinta. Harshenta na unguwa ya yi kauri har Amurkawa ma kan kunna fassarar rubutu, balle 'yan Ingila da BBC ta nuna wa shirin a 2009.

Wasu na cewa ba wasa take ba, kanta take nunawa, don haka yabon bai dace ba. Wasu suka ce tsayawa gaban kyamara ka faɗi kalaman da wani ya rubuta, sau goma, ba tare da an ga ɗinki ba, shi ne wasan. Akwai kuma tambayar da ta fi nauyi, wadda dangin yarinyar da aka kashe suka fi kowa haƙƙin yi: ya dace a biya mai kisa ta fito a mai kisa? A 2011 an sake kama Pearson a wani samamen ƙwaya, ta amsa laifi, aka yi mata ɗaurin talala.

Ba ita kaɗai ba ce. Melvin Williams, babban dillalin da binciken Ed Burns ya kai gidan yari a shekarun 1980, shi ne dattijon cocin da ke yi wa matasa nasiha a shirin. Tsohon kwamishinan 'yan sandan birnin, Ed Norris, ya fito a ɗan sandan bincike mai yawan ƙorafi kan manyansa. Ta ɗaya gefen kuma ga Andre Royo, ƙwararren ɗan wasa da ya fito a Bubbles, ɗan ƙwaya mai kai wa 'yan sanda rahoto. Ya ba da labarin yadda wani mutumin gari ya miƙa masa ƙullin ƙwaya a wurin ɗaukar fim, don ya ga kamar ya fi shi buƙata. Royo ya ce wannan ce kyautar Oscar ɗinsa ta titi.

Jarumin shirin fa? Dominic West, wanda ya fito a ɗan sanda Jimmy McNulty, Bature ne ɗan Ingila da ya yi makarantar Eton, kuma 'yan Baltimore ba su daina tsokanar harshensa ba. Ƙirƙiro makashin bogi da McNulty ya yi a zango na biyar don a saki kuɗin bincike shi ne abin da masoya shirin suka fi kushewa.

Mugayen da ba su riƙe bindiga ba

Tambayi masu kallo wa suka fi tsana, ba wa suka fi tsoro ba, sai jerin ya canza. Za ka ji Clay Davis. Za ka ji Levy. Za ka ji Bill Rawls da Ervin Burrell, manyan 'yan sandan da ke murɗa alƙaluman laifuka don su faranta wa magajin gari, a mayar da fashi ya zama sata a takarda. Za ka ji Walker, ɗan sandan sintiri da ya karya wa yaro yatsu don ya saci mota. Sama da kowa kuma akwai Scott Templeton, ɗan jaridar da ke ƙirƙirar labarai da maganganun mutanen da babu su, ya ƙare da lambar yabo. Bai taɓa kowa ba, amma an yafe wa masu kisa ba a yafe masa ba. Tom McCarthy da ya fito a shi, daga baya shi ya ba da umarnin Spotlight, fim kan 'yan jarida masu gaskiya, wanda ya ci Oscar a 2016.

Hukumomin Baltimore na ainihi ba su ga abin dariya ba. Martin O'Malley, magajin garin lokacin da aka fara shirin, wanda ake cewa da shi aka yi Tommy Carcetti, magajin garin cikin shirin, bai ɓoye ƙiyayyarsa ba. A 2011 kwamishinan 'yan sanda Frederick Bealefeld ya ce shirin ya shafa wa birnin baƙin fentin da zai daɗe bai goge ba. A shekarar dai ministan shari'a na Amurka, Eric Holder, ya roƙi a ƙara zango, Simon ya ce a shirye yake idan gwamnati za ta sake tunani kan yaƙinta da ƙwaya. Jami'o'i, ciki har da Harvard, sun sa shirin a darasin nazarin talaucin birane.

Michael K. Williams bai ɓoye cewa ya yi fama da ƙwaya tun yana fitowa a Omar ba, har yakan ce sunan ya haɗiye shi, mutane a titi ba sa kiran sa Michael. A watan Satumba na 2021 aka tsinci gawarsa a gidansa na Brooklyn, yana da shekara 54, bayan ya sha hodar da aka gauraya da fentanil. An kama waɗanda suka sayar masa. Da aka zo yanke wa ɗaya daga cikinsu hukunci, wani tsoho ɗan shekara 70 da ɗoriya wanda shi ma ɗan ƙwaya ne, Simon ya rubuta wa alƙali yana neman a yi masa sassauci.

Da bos ya sa kaki

A 2015 wani matashi baƙar fata, Freddie Gray, ya mutu sakamakon raunin da ya samu a motar 'yan sandan Baltimore, gari ya kama da wuta. Bayan shekara biyu hukumar FBI ta cafke jami'an wata runduna ta musamman da aka kafa don ƙwace bindigogi. An same su da yi wa mutane fashi, da sayar da ƙwayar da suka ƙwace, da dasa wa marasa laifi shaida, da cin kuɗin aikin da ba su yi ba. Shugabansu, Saje Wayne Jenkins, ya samu ɗaurin shekara 25 a 2018.

Simon da George Pelecanos, ɗaya daga cikin marubutan The Wire, suka mayar da wannan badaƙala shiri mai kashi shida, We Own This City, a 2022. Jon Bernthal ya fito a Jenkins, da baki da barkwanci da tafiyar isa, kuma nan take aka fara jin irin tsohon ƙorafin, cewa ya sa azzalumi ya yi daɗin kallo. An dawo da tsofaffin fuskoki da dama, sai dai an juya musu kaya: wasu da suka yi tallan ƙwaya a kwanar titi a shirin farko, yanzu su ne da kaki. Jamie Hector, Marlon da aka ce bai iya wasa ba, shi aka ba Sean Suiter, ɗan sandan binciken kisan kai mai iyali da sanyin hali, wanda aka samu da harbi a ka a watan Nuwamba na 2017, ana gobe zai ba da shaida kan rundunar.